Marigayi Alhaji Umaru Karaci (1858–1934): Bakanon da Ya Rubuta Tarihin Zango

A wannan fitowa ta mujallarmu, filin tarihin magabata zai tsallaka iyakar Nijeriya ya sauka ƙasar Gana, a wani gari na bakin tafkin Volta da Hausawan can ke kira Karaci, wanda a taswira ake rubuta shi Kete Krachi. Kada a haɗa shi da Karaci ta ƙasar Pakistan, suna ne kawai ya zo ɗaya. A wannan gari ne wani malami haifaffen Kano ya yi kusan shekara 40 yana limanci da koyarwa da rubuce-rubuce, har ya zama ɗaya daga cikin manyan marubutan da Hausawa suka taɓa samu. Garin da ya sani ya daɗe a ƙarƙashin ruwa, amma abin da ya rubuta yana nan ana karantawa a jami'o'in duniya. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usman, wanda wasu ke kira Imam Umaru, wasu kuma Alhaji Umaru Salga.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Umaru a birnin Kano a wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne, kuma mahaifinsa Abubakar malami ne mai fataucin goro. Saboda haka ne a littattafan Larabci ake danganta shi da garuruwa uku a jere, a ce Bakabe, Bakano, mutumin Salga. Wannan jerin sunaye kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu cewa rayuwarsa ta tafiya ce tun daga farko.

A wancan zamani Kano tana ƙarƙashin daular Sakkwato, kuma babu kasuwar da ta kai tata a duk faɗin Sudan ta Tsakiya. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin arzikinta shi ne fataucin Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa, da tufafin da aka rina a marinar Kano, da kayan fata, da gabu. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da masauki. Sukan ƙetare kogin Kwara su ratsa ƙasar Bargu, su bi ta ƙasar Dagomba har su isa Salga, tafiyar fiye da kilomita 1,000 da ƙafa. A can suke sayen goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante, su juyo da shi gida suna yayyafa masa ruwa suna tsince wanda ya lalace. Zuwa da dawowa kan ci watanni da yawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan sana'a, kuma a cikinta ne Alhassan Ɗantata ya fara tashi daga baya.

Duk inda ayari ya saba sauka, a kan samu zango. Da tafiya ta yi tafiya sai zangon ya zama unguwa, ya samu sarkin zango da liman da makarantar allo da mahauta. A cikin irin wannan duniya Umaru ya buɗe ido, yana bin mahaifinsa fatauci tun yana saurayi.

Neman Ilmi

Umaru ya yi karatun Alƙur'ani a Kano tun yana yaro, sannan ya shiga karatun littattafai kamar yadda aka saba, wato fiƙihu da nahawu da lugga da tafsiri da hadisi. Bai tsaya ga malaman Kano kawai ba, ya yi shekaru yana yawon neman ilmi a ƙasashen Sakkwato da Gwandu da Kabi, yana zama gaban malamai daban-daban. Wannan yawo ya ba shi abu biyu: ilmin littafi, da kuma sanin ƙasa da mutanenta. Ya ga yadda ake noma da kiwo, ya ji labaran yaƙe-yaƙen Kabawa da Fulani daga bakin waɗanda suka gan su, ya kuma riƙe abin da ya ji.

Tun yana ɗan shekara 19 ko 20, a 1877, ya wallafa littafinsa na farko da aka sani, wani ɗan littafin Larabci a kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa mai suna Al-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Wanda ya san fatauci zai gane amfanin irin wannan littafi. Falke yana bukatar ya aika wa maigidansa saƙo, sarkin zango yana bukatar ya rubuta wa sarkin gari, mai bin bashi yana bukatar takardar shaida. Saurayin malamin ya duba bukatar mutanensa ya rubuta musu abin da zai amfane su, kuma daga baya an buga littafin a Alƙahira. Wannan hali na haɗa ilmi da rayuwar yau da kullum bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa.

Zamansa a Salga

A shekarar 1892 Umaru ya tare a Salga ya buɗe makaranta. Garin da ya tarar ya riga ya fara ja da baya. Tun 1874, lokacin da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi, ƙasar Gwanja ta fita daga hannun Asante, su kuma Asante suka karkatar da goronsu zuwa wasu kasuwanni. Duk da haka Salga tana da sauran girma. Gari ne mai ɗimbin rijiyoyi, mai masallatai da unguwannin baƙi, inda ake jin Hausa da Dendi da Yarabanci da harshen Wangarawa a kasuwa ɗaya. Ba za a ɓoye ba kuma, tana cikin manyan kasuwannin bayi na yankin.

A ƙarshen shekarar da ya tare, rigimar sarauta ta ɓarke tsakanin 'ya'yan gidan sarautar Kpembe, garin da sarkinsa ke mulkin Salga. Wani basarake mai suna Isifa ya nemo taimakon Dagomba da Nanumba ya far wa sarki Napo, aka kore shi, aka washe Salga, fatake suka watse. Ana cikin wannan hali sai ga Turawa. Tun 1888 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniyar cewa babu wanda zai taɓa yankin Salga da Yendi a cikinsu, amma kowa yana haƙon wurin. A 1896 sojojin Jamus suka ƙone Salga, sannan a 1899 ƙasashen biyu suka raba yankin, Salga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus.

Umaru ya ga wannan rushewa da idonsa, kuma daga baya ya rubuta doguwar waƙar Larabci a kanta mai suna Tanbihul Ikhwan fi Zikril Ahzan. A cikinta bai ɗora laifin duka a kan baƙi ba. Ya yi magana a kan lalacewar halayen mutanen garin, da zalunci, da sakacin addini, yana ganin cewa ɓaraka daga cikin gida ta fara. Hausawa dai sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A Salga ne kuma ya sadu da wani Bajamushe matafiyi mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda Hausawa ke kira Malam Musa. Krause ya bambanta da sauran Turawan lokacin, domin ya yi ta sukar gwamnatin ƙasarsa a kan yadda take kau da kai daga cinikin bayi a Togo. Sun shaƙu da Umaru, kuma rubuce-rubucen Hausa da Krause ya tattara sun ƙare a ɗakin ajiyar littattafai na Berlin.

Komawa Kete-Karaci

A 1896 Umaru ya bi sahun sauran fatake ya koma Kete-Karaci, kudu maso gabas da Salga, a bakin kogin Volta. Garuruwa biyu ne maƙwabtan juna. Karaci ta 'yan ƙasa ce, kuma ta shahara da wani gunki mai suna Dente wanda ake zuwa bauta masa daga nesa. Kete kuwa zangon baƙi ce, ta Hausawa da sauran Musulmi. Jiragen ruwa na kawo gishiri daga Ada a bakin teku suna saukewa a nan, daga nan a ɗora wa dabbobi da 'yan alaro zuwa arewa. Faɗuwar Salga ita ce tashin Kete, domin cikin 'yan shekaru kasuwarta ta cika ta batse. Jamusawa sun riga sun kafa barikinsu a wurin tun 1894, a matsayin wani yanki na ƙasar Togo da suke mulka.

Zuwan malami mai irin wannan ilmi bai rasa jawo gardama ba. An yi ja-in-ja a kan limancin garin, har magana ta kai gaban jami'in Jamus, aka tabbatar wa Umaru da limanci saboda fifikon karatunsa. Daga nan ya zama limamin Kete, makarantarsa ta zama matattarar ɗalibai daga zangunan Kumasi da Accra da Yendi da sauran garuruwa. Har bayan rasuwarsa, malamai da yawa a Gana suna alfahari da cewa salsalar karatunsu ta biyo ta hannunsa.

Waƙoƙinsa

Umaru ya yi waƙa da Larabci da Hausar ajami, kuma kusan babu wani babban al'amari da ya faru a zamaninsa da bai sa shi a takarda ba. A 1899 da kuma wajen 1900 ya rubuta waƙoƙin Larabci biyu a kan zuwan Turawa, sannan a 1903, shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗi, ya rubuta Waƙar Nasara da Hausa. A cikin waɗannan waƙoƙi ya bayyana yadda Turawa suka fara zuwa da sunan ciniki da lalama, sannan suka juya suka ƙwace mulki. Ya jera sunayen garuruwa da sarakunan da aka ci da yaƙi ɗaya bayan ɗaya, daga yamma har gabas. Wannan jeri yana nuna irin labaran da ke isa zango ta bakin fatake a lokacin da babu jarida babu rediyo.

Waƙarsa ta Hausa da ta fi shahara ita ce Waƙar Talauci da Wadata. A cikinta ya kwatanta yadda jama'a ke wulaƙanta matalauci ko da yana da gaskiya, har danginsa su guje shi, da yadda ake girmama mai dukiya ana gaskata maganarsa ko da ba ta da tushe. Malamin da ya tashi cikin attajiran goro ya san abin da yake faɗa, kuma duk wanda ya karanta ta yau zai ga kamar jiya aka rubuta ta.

Lokacin da annobar mura mai zafi ta ratsa duniya a 1918 da 1919 ta kashe miliyoyin mutane, ya yi mata waƙar Larabci da aka sani da sunan Hausa, Tunkuyau, inda ya bayyana alamomin ciwon dalla-dalla. Ya yi waƙar gargaɗi a kan wani mai wa'azi da ya ɓullo a yankin a wajen 1904 da da'awar Mahadiyya. Ya yi marsiyya mai taɓa zuciya da ɗansa Alhaji Labbu ya riga shi rasuwa. Haka kuma ya fassara diwanin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na zamanin jahiliyya, zuwa Hausa, aikin da duk wanda ya ɗanɗana karatun lugga ya san nauyinsa.

Aikinsa da Mischlich

A Kete-Karaci Umaru ya yi hulɗa ta shekaru da wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya koyi Hausa a wurinsa, kuma ya wallafa ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Mischlich ya riƙa roƙonsa ya rubuta masa abin da ya sani game da ƙasar Hausa, shi kuma ya zauna ya cika ɗaruruwan shafuka da ajami. Ya rubuta tarihin Kabi da na wasu ƙasashen Hausa, ya bayyana noma da kiwo, da rini da saƙa da ƙira da jima, da yadda ake shirya ayari, da aure da sarauta. Kafin wannan lokaci yawancin abin da malamai ke rubutawa da Hausa waƙa ce ta wa'azi, zube kuwa sai da Larabci. Saboda haka ana lissafa shi cikin mutanen farko da suka yi dogon rubutun zube da harshen Hausa, shekaru da dama kafin gasar Hukumar Talifi ta 1933 da ta haifar da littattafan da muka karanta a aji.

Mai karatu zai iya tambaya, yaya mutumin da ya la'anci mulkin Turawa a waƙa zai zauna yana yi wa jami'insu rubutu? Tambaya ce mai kyau, kuma malamai da yawa na wancan zamani sun fuskanci irinta. Wasu sun yi hijira, wasu sun yi yaƙi sun yi shahada, wasu kuma suka zauna suka yi mu'amala da sababbin masu mulki domin su tsare addini da jama'arsu. Umaru yana cikin kashi na uku. Shi baƙo ne a ƙasar da ba ta Musulmi ba, yana da zango guda a wuyansa. Kowa da yadda zai auna wannan zaɓi, amma sakamakonsa a fili yake: da bai rubuta ba, da ɗimbin bayanai game da rayuwar kakanninmu a ƙarni na 19 sun bi shi kabari.

Aikin Hajji da Rasuwarsa

A 1913 ya tafi aikin Hajji, bai dawo ba sai wajen 1918. A Madina ya sadu da Alfa Hashim, ɗan ɗan uwan Shehu Umarul Futi, wanda ya yi hijira zuwa can bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma ya karɓi izinin ɗariƙar Tijjaniyya a hannunsa. Kafin ya dawo duniya ta juya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya kori Jamusawa daga Togo tun 1914, Kete-Karaci ta koma hannun Ingila. Ita ma hanyar Gwanja ta mutu, domin tun da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a ɗora shi a jirgi ya ratsa Kaduna ya wuce arewa. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, madugai suka ajiye sandunansu.

Alhaji Umaru ya ci gaba da limanci da koyarwa har Allah Ya karɓi ransa ranar 30 ga Yuni, 1934, daidai da 17 ga Rabi'ul Awwal, 1353 bayan Hijira. An binne shi a Kete.

Garin da Ruwa Ya Cinye

Bayan Gana ta samu 'yancin kai a 1957, gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar ruwa ta Akosombo a 1961, aka kammala a 1965. Ruwan da ya taru ya zama tafkin Volta, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 8,500, ɗaya daga cikin manyan tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. An tashi mutane kimanin 80,000 aka sake musu matsuguni a sababbin garuruwa 52. Tsohon garin Kete, inda masallacin Alhaji Umaru yake kuma inda aka binne shi, yana cikin wuraren da ruwa ya rufe. An gina sabuwar Kete-Karaci a kan tudu, ta zama tashar jiragen ruwa da kasuwar kifi a bakin tafkin, kuma tun 2019 tana cikin sabon yankin Oti. Mu ma a nan gida mun ga irin haka, lokacin da madatsar Kainji ta 1968 ta shanye tsohuwar Busa.

Abin da ya tsira daga ruwa shi ne takarda. A farkon shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta shiga zanguna tana ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubuce, a ƙarƙashin masana irin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin, tare da taimakon Alhaji Usman Boyo wanda ya san gidajen malamai. An samu kwafen waƙoƙin Alhaji Umaru a hannun almajiransa a garuruwa da yawa. A Jamus Heinz Sölken ya buga tarihin Kabi da ya rubuta. A Amurka Douglas Ferguson ya yi digirinsa na uku a 1973 a kan bayanin da ya yi na ƙasar Hausa. A ƙasar Foland kuma Farfesa Stanisław Piłaszewicz ya shafe shekaru yana nazarinsa, har ya buga rubutunsa na zube a shekarar 2000. Abin takaici shi ne, a ƙasar da aka haife shi kaɗan ne suka san ko sunansa.

Darasi Gare Mu

'Yan uwa, Tudun Wada ma zango ce. Tun da Kaduna ta zama hedkwatar Arewa a 1917, mutane suka riƙa zuwa daga Kano da Katsina da Zazzau da Barno da ƙasar Nufe, wasu aikin jirgin ƙasa ya kawo su, wasu aikin gwamnati, wasu masaƙun Kakuri, wasu kuma kasuwa. Su suka kafa layukan da muka taso a cikinsu. Babu tafkin da ke shirin cinye unguwarmu, amma duk shekara muna binne dattawan da suka san wanda ya fara gina masallacin layinsu, da yadda Kasuwar Barci ta samu sunanta, da yadda aka yi makarantarmu ta tsaya da ƙafafunta. Gidan ƙasa yana rushewa a ɗora bene, tsofaffin hotuna da takardu kuma gara tana ci a cikin adaka.

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara ta kafa ɗan ƙaramin kwamiti da zai ziyarci tsofaffin malamanmu da dattawan unguwa, a ɗauki maganarsu a na'ura, a rubuta ta da Hausa yadda suka faɗa. A tattara rajistar ɗalibai ta farko, da hotunan aji, da tsofaffin fitowar wannan mujalla, a yi kwafe. Muna da sa'ar da mutanen Kete ba su samu ba, domin Gidan Arewa da Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa duk suna cikin garin nan namu, za a iya kai musu ajiya. Alhaji Umaru da tawada da alƙalamin kara ya yi nasa aikin, mu kuwa kowa da waya a aljihu.

Allah Ya jiƙan Alhaji Umaru, Ya haskaka makwancinsa. Allah Ya jiƙan malamanmu da abokan karatunmu da suka riga mu gidan gaskiya, mu kuma Ya sa mu cika da imani, amin.